Ku Tambaya Mu Amsa: Kwana biyu-uku a tsohon birni, in ɗauki ɗan jagora ko in zaga da kaina?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru mana a wannan makon kusan duk abu ɗaya suke kewayawa, mutum ya samu 'yan kwanaki kaɗan a wani birni mai tsohon tarihi, yana son ya gani da idonsa, amma bai san ko ya ɗauki ɗan jagora nasa shi kaɗai ba, ko ya bi ayarin motar 'yan yawon buɗe ido, ko kuma ya dogara da wayarsa kawai. Na tsamo guda biyar, na ɗan rage tsawon wasu saboda fili.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ka raba mana gardama ni da maigidana. Zamu tsaya Istanbul kwana biyu kacal, ni nace mu ɗauki ɗan jagora namu mu kaɗai ya zaga damu wuraren tarihi, shi kuma yace asarar kuɗi ce tunda komai yana cikin waya, ga taswira ga fassara. Waye mai gaskiya a cikinmu? Daga wata uwargida.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Maigida bai faɗi ƙarya ba, waya zata kai ku ƙofar ko'ina, kuma da a ce sati guda zaku yi da ni ma nace ku bi a hankali da kanku. Amma kwana biyu fa kika ce, kuma in aka cire barcin gajiya da hanyar filin jirgi, abin da ya rage muku bai wuce wuni ɗaya da rabi ba. A irin wannan ƙurewar lokaci ne ɗan jagora yake cin kuɗinsa halak, domin abin da kike saya a wurinsa lokaci ne da kuma ido. Da ɗan gari kan ci gari.

Bari in fara da lokacin. Fadar Topkapi, tsohon gidan sarakunan daular Usmaniyya, a rufe take ranar Talata, babbar kasuwar nan mai rufi a rufe take ranar Lahadi, Masallacin Sultan Ahmed kuma ana tsayar da masu kallo a lokutan salla, ranar Juma'a ma sai bayan an sauko. Kin ga ke nan in kwana biyunku suka faɗa Lahadi da Litinin tsarin daban ne, in Talata da Laraba ne shi ma daban. Wanda ya san garin shi zai ce muku ku fara da kaza da sassafe kafin manyan motocin ayari su sauke mutane, ku bar kaza sai bayan la'asar. Duk wannan yana cikin waya in an tona, gaskiya ne, amma wa zai zauna ya tona bayan ya kwana a jirgi?

Sai idon. Ki ɗauki Aya Sofiya misali. An gama ginin a shekarar 537 zamanin sarkin Rumawa Justiniyan, coci ce sama da shekara ɗari tara, Sultan Muhammad Alfatih ya mayar da ita masallaci da ya ci birnin a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a shekarun 1930, sannan ta koma masallaci a 2020. Wannan kam kowa zai iya karantawa. Amma ranar da na fara shiga, sai da mai rakiyata ya tsayar da ni yace in kalli mihrabin da kyau, sai naga ashe bai zauna daidai tsakiyar ginin ba, ya ɗan karkace gefe, saboda waɗanda suka yi ginin ba alƙibla suka fuskanta ba, sai daga baya aka daidaita mihrabin da Makka. Ya nuna min manya-manyan allunan nan masu da'ira guda takwas da ke rataye a sama, sunan Allah, sunan Manzon Allah (SAW), halifofi huɗu, da Hasan da Husaini, waɗanda aka rubuta a ƙarni na 19. Muka hau bene ya sa yatsa kusa da wani ɗan karce a jikin marmara wanda ko a mafarki bazan kula da shi ba, yace wannan rubutun mutanen arewacin Turai ne da ake kira Baikin, wani daga cikinsu ya karta sunansa a wurin tun ɗaruruwan shekaru. Wallahi da ni kaɗai ne da na ɗaga kai nace masha Allah na ɗauki hoto na fita cikin minti goma sha biyar.

Shawarata, ku raba abin biyu, kowa ya samu rabin gaskiyarsa. Ranar farko ku ɗauki jagora na awa huɗu ko biyar, ya haɗa muku Aya Sofiya, Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida wanda aka fara a 1609, su biyun suna kallon juna ne tafiyar 'yan mintoci a ƙafa, sai tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336, sai Topkapi in ƙarfi ya rage. A Topkapi kada ku bari a wuce da ku ɗakin amanoni da sauri, inda aka ajiye kayayyakin da ake dangantawa da Annabi (SAW) da sahabbai, waɗanda yawancinsu aka kawo bayan Sultan Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517, kuma akwai mai karatun Alƙur'ani a wurin a ko da yaushe. Rana ta biyu kuma ku bar wa maigida da wayarsa, ku je Masallacin Sulaimaniyya da magini Sinan ya gama a 1557, ku ziyarci kabarin Abu Ayyub al-Ansari a unguwar Ayyub, ku hau jirgin ruwa ku tsallaka ɓangaren Asiya ku dawo. Abu ɗaya kada ki manta, a Turkiyya doka ce jagora ya kasance mai lasisi kuma yana rataye da katinsa, toh ki nemi ki gani tun kafin ku ɗaga ƙafa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni da abokina mun samu bizar Turai kuma muna da kwana huɗu a Sifen. Wani kamfani ya turo mana tsari na mota da direba da jagora namu mu biyu, zamu taɓa Madrid, Toledo, Kurɗuba, Ishbiliya, Garnaɗa har da Basalona. Abokina yace garaɓasa ce tunda birni shida ne, ni kuma jikina bai bani ba. Me ka gani? Daga wani ɗalibin tarihi.

AMSA: Ƙanina jikinka ya gaya maka gaskiya. Birni shida a kwana huɗu, titin mota zaku gani da tashar jirgi da harabar otal. Daga Garnaɗa zuwa Basalona kaɗai ko a jirgin ƙasa mai gudu ya haura awa shida, wuni ya tafi ke nan. Irin wannan tsarin ana yinsa ne don ya yi kyau a takarda, mai saye ya ƙirga sunaye yaga kamar ya ci riba, alhali a kowane gari awa biyu zaku yi, rabinta a layi.

Tunda kace kai ɗalibin tarihi ne nasan Andalus ce ta ja ka, toh ka tsaya a kanta. Birni uku sun ishe ku, kuma in son samu ne ma biyu. Ishbiliya, wadda su suke kira Sebiya, da Kurɗuba tsakaninsu wajen minti 45 ne a jirgin ƙasa, daga Kurɗuba zuwa Garnaɗa kuma bai cika awa biyu ba. Kaga ba kwa buƙatar mota da direba na kwana huɗu kwata-kwata, kuɗin nan ku ajiye shi ku ɗauki jagora ɗan gari a kowane birni na rabin wuni. Wannan ya fi a haɗa ku da mutum ɗaya da zai bi ku ko'ina, domin wanda ya shekara ashirin yana shiga masallacin Kurɗuba kullum ba ɗaya yake da wanda ya haddace shafi guda a kan kowane gari ba.

Amma kafin komai, kafin otal, kafin tikitin jirgin ƙasa, ku fara kama tikitin Alhamra, fadar sarakunan musulmi na ƙarshe a Andalus, wato Banu Nasr, da ke Garnaɗa, sannan ku gina sauran tafiyar a kansa. Ina nanata wannan domin mutane da yawa sun je har ƙofa sun dawo. Tikitin da sunanka ake buga shi, dole ka riƙe fasfo ɗinka na ainihi a hannu, kuma shiga fadojin sarakunan Banu Nasr yana da ƙayyadadden lokaci da aka rubuta a jikin tikitin, in ka makara ya wuce ka, ba roƙo ba magiya. A lokacin cunkoso makonni kafin ranar ake cinye su. Duk kamfanin da yace muku kada ku damu in kun zo za a san yadda za a yi, ku ce ya turo muku tikitin da sunayenku ku gani tukuna. Kuma wannan fadar ta cancanci wahalar. Bangon gaba ɗaya rubutu ne, kuma kai da ka iya karanta larabci zaka fi yawancin masu kallo morewa, zaka ga "Wa la galiba illallah" an maimaita shi ba adadi, taken gidan sarautar ke nan har ranar da suka miƙa makullan birnin a 1492. Ka tambayi jagoran ya nuna maka baitocin waƙar da aka sassaƙa a bakin kwarmin ruwan da zakoki goma sha biyu suke ɗauke da shi. Ka kuma tuna cewa Abu Ishaƙ as-Sahili, mawaƙin nan da ya biyo Mansa Musa zuwa Mali bayan hajjin 1324 har ya rasu a Tumbutu, ɗan Garnaɗa ne. Da yamma ku hau unguwar Albaisin, akwai masallaci a can da aka buɗe a 2003, daga lambunsa kana kallon Alhamra gaba ɗaya rana na faɗuwa a kanta.

A Kurɗuba kuwa ka shirya zuciyarka. Abdurrahman ad-Dakhil ya fara masallacin wajen shekarar 785, magadansa suka yi ta faɗaɗa shi, ginshiƙai sama da 800 suna nan tsaye da bakunansu masu ratsin ja da fari hawa biyu, mihrabin da Alhakam na biyu ya yi a ƙarni na 10 har yau yana ƙyalli. Sai dai tun 1236 coci ce, a 1523 ma aka fara gina wata babbar majami'a a tsakiyarsa, kuma ba a yarda musulmi ya yi salla a ciki ba, masu gadi zasu tsayar da kai. Gara ka sani tun daga gida, ka tambayi jagoranka inda zaka yi sallarka a waje. In lokaci ya samu ku je kufan Madinatuz Zahra, wajen kilomita 8 daga gari, birnin da Abdurrahman na uku ya gina, amma ban da ranar Litinin domin a rufe yake. In kuma tafiyar taku a Yuli ko Agusta ce, zafin can yakan haura digiri 40, sai ku nemi jagoran ya fara da ku da farar safiya.

TAMBAYA: Malam ni ƙorafi na kawo. Mun je Alƙahira da iyalina muka biya jagora na wuni guda, mun ce muna son tsofaffin masallatai. Bawan Allahn nan ya kai mu shagon turare, ya kai mu inda ake sayar da takardar zamanin Fir'auna, ya kai mu shagon kafet, sai dab da magariba muka leƙa Azhar a gurguje. Kuma da zamu rabu ya tsaya yana jiran tukuici. Zamu sake komawa, ya zanyi kar a maimaita min? Daga wani magidanci.

AMSA: Alhaji sannu, abin da ciwo, kuma ni ma an taɓa yi min irinsa a wani gari, na biya kuɗin ganin ganuwa na ƙare a kan kujera ana shimfiɗa min darduma ɗaya bayan ɗaya ana zuba min shayi, kunya ta hana ni tashi har rana ta yi. Abin da ke faruwa a fili yake, shagunan nan suna ba jagora ko kamfaninsa kamasho a kan duk abin da baƙo ya saya, wani wurin ma ko ba a saya ba akwai ladan kawo mutum. Shi ya sa sau da yawa tsarin da ya fi kowanne araha shi ne ya fi yawan shaguna, domin ragin da aka yi maka a farashi a can za a fanshe shi. Ba a Masar kaɗai ake yi ba, kusan duk inda 'yan yawon buɗe ido suke taruwa akwai shi, kuma akwai jagorori na kirki da yawa da basa yi.

Maganinsa tun kafin ka biya kafin alƙalami ne. Ka rubuta masa a saƙo, ba a baki ba, ka jera wuraren da kake so ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta ƙarara cewa babu tsayawa a shago ko ɗaya sai in ni na nema. Ka tambaye shi kuɗin shiga wurare yana cikin abin da ka biya ko a'a, mota fa, awa nawa ne, in an zarce me za a ƙara. Ya amsa maka a rubuce ka ajiye. Kada ka biya duka gaba ɗaya, ka bada wani abu ka riƙe ciko sai an gama. In duk da haka mota ta tsaya a ƙofar shago, kada ka sauka, kace na gode mu wuce, ba faɗa ba ɗaga murya. Da zarar ka zauna an miƙo maka shayi toh an gama da kai, tashi sai ya zama kamar rashin mutunci.

Kuma ka san abin da ya ƙara min takaici a labarinka? Abin da kuka nema ko mota baya buƙata sosai. Titin Mu'izz daga Babul Futuh zuwa Bab Zuwaila tafiyar kamar kilomita ɗaya ce a ƙafa, kuma tarihin shekara dubu ne jere dama da hagu. Faɗimiyyawa suka kafa birnin a 969, aka fara Azhar a 970, ƙofofin nan biyu na ƙarshen ƙarni na 11 ne, ga ginin Sultan Ƙalawun na wajen 1285 da ya haɗa makaranta da asibiti da kabari. Wannan kaɗai safiya guda ce cur in jagoran ya san aikinsa. Bayan azahar sai mota ta kai ku masallacin Sultan Hasan da aka fara a 1356, da na Ibn Ɗulun da aka gama a 879, wanda matakalar hasumiyarsa ta waje take tana nannaɗe ta, in ka hau sai kaga tsohon gari shimfiɗe a gabanka, kuma yawanci ba cunkoso a wurin, tsit kamar ba a tsakiyar Alƙahira kake ba. In kana son ziyarar kabarin Imam Shafi'i ka saka shi a jerin tun farko. Dalar Giza kuma ka ware mata ranarta daban, cunkoson motocin garin ba zai bar ka ka haɗa su wuni ɗaya cikin natsuwa ba.

Batun tukuici, al'ada ce a wannan sana'ar kusan ko'ina, kuma wanda ya yi maka aiki da zuciya ɗaya ka bashi da hannu sake, direba ma kada a manta da shi. Amma kyauta ce ba bashi ba. Wanda ya cinye maka wuni a shaguna ya riga ya karɓi nasa a can.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta daɗe tana burin zuwa Fas a ƙasar Maroko ta ziyarci zawiyar Shehu Ahmad Tijjani, shekarunta sun haura saba'in kuma tana fama da ciwon gwiwa. An ce min mota bata shiga tsohon garin. Anya zata iya kuwa? Kwana biyu muke da shi. Daga 'yarta.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Allah ya yi miki albarka ya saka miki da wannan niyya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Zata iya insha Allah, kuma a duk tambayoyin yau taki ce wadda zan ce ɗaukar jagora na ku kaɗai ya zama dole, domin ayari ba zai jira takun tsohuwa ba, mai tuta yana gaba yana sauri ita tana baya tana haki, ƙarshe ta ji kamar ta zame wa mutane kaya.

Gaskiya aka gaya miki, tsohon garin, wato Fas al-Bali, ba a shiga da mota. Lunguna ne dubbai, wasu mutum biyu basa iya jerawa, kaya a kan jaki da alfadari da kura ake shiga da su, in kika ji an ce "balak, balak" toh a matsa gefe ake nufi, sai ki jawo Mama jikin bango. Garin kuma a kan gangare yake. Yawancin masu zagawa da baƙi daga Bab Bujulud suke farawa, shuɗiyar ƙofar nan da aka gina a 1913, su gangaro ta Ɗala'a Kabira har tsakiya, tafiya ce mai ɗan tsawo kuma in aka ce a dawo ta nan hawa ne. Ke ba wannan kike so ba. Ki gaya wa jagoran tun a saƙon farko cewa da tsohuwa mai ciwon gwiwa kike tafe, kina son a sauke ku a wurin da mota take iya kaiwa mafi kusa da zawiyar, kamar dandalin Rasif da ke ƙasan gari ko wata mashigar da shi ya sani, kuma motar ta jira ku ko ta tare ku a inda ba sai an yi hawa ba. Ki tambaye shi kai tsaye matakala nawa ce a hanyar, akwai inda za a zauna a huta. In ya amsa miki dalla-dalla toh ya san wurin, in yace ba komai ba komai kawai, ki nemi wani. Keken guragu yana wahala a lungunan saboda matakalu da duwatsun daɓe, sanda mai kyau da ɗan kujerar nan mai naɗewa sun fi amfani, sai takalmi mara santsi.

Ranar farko ki bar mata ita da ziyararta kawai, kada a haɗa da komai. Shehu ya rasu a Fas a 1815 kuma a zawiyar aka binne shi, mutumin da ya yi shekaru yana burin wuri ba minti goma yake so ba, ki ce wa jagoran zaku zauna har sai ta gamsu, kuma ki tabbatar musulmi ne domin a Maroko yawancin masallatai da zawiyoyi wanda ba musulmi ba baya shiga. In ta samu ƙarfi masallacin Ƙarawiyyin ba nisa, wanda Faɗima al-Fihriyya ta assasa a 859, ku yi salla a ciki. Rana ta biyu a zaga da ita a mota, a hau da ita tudun da kaburburan Banu Marin, tsofaffin sarakunan Maroko, suke, daga can zata ga garin duka da koren rufin Ƙarawiyyin ba tare da ta taka ko'ina ba. Majemar nan da ake yawan ɗaukar hoto kuwa ki bar ta, sai an hau benaye masu ƙunci kafin a hango, ga wari mai ƙarfi har ganyen na'ana'a ake miƙa wa mutum ya toshe hanci. Masauki ma ki kula, gidajen baƙi na cikin tsohon gari suna da kyau amma yawancinsu matakala ce tsaye ba lifta, ki nemi ɗaki a ƙasa ko otal da mota take kaiwa ƙofarsa. Kuma samarin da zasu tare ku a hanya suce zasu raka ku, ki ce musu kuna da mai rakiya, jagoran gaske yana da katin hukuma.

TAMBAYA: Malam ta yaya zan gane jagora ya san abin da yake faɗa ba shaci-faɗi yake min ba? Zan je Samarƙand da Bukhara a ƙasar Uzbekistan, kuma turancina ba wani mai ƙarfi bane, larabci na fi ji. Daga wani malamin Islamiyya.

AMSA: Malam Allah ya gafarta, ka fara da yaren. Ka nemi mai jin larabci tun kana gida, kuma kada ka yarda da rubutu kawai domin kowa yana iya fassarawa da waya, ka kira shi ko ku yi musayar saƙon murya na minti biyar, nan take zaka gane ko zaku fahimci juna. In kamfani ne ka ce a haɗa ka da ainihin wanda zai raka ka, ba mai amsa waya a ofis ba.

Gwajin ilimi kuma mai sauƙi ne, ka riƙe abu biyu-uku da ka tabbatar ka tambaye shi kamar baka sani ba. Misali makarantu ukun dandalin Registan da ke tsakiyar Samarƙand ba lokaci ɗaya aka gina su ba, ta Ulug Beg an gama ta a 1420, sauran biyun, Sher-Dor da Tilla-Kori, sai bayan shekara ɗari biyu a ƙarni na 17. Wanda yace maka sarki Taimur, kakan Ulug Beg, ne ya gina su duka ka san inda ka ajiye shi. Haka kabarin Imam Bukhari, da yawa suna zaton a Bukhara yake, alhali a ƙauyen Khartank yake kusa da Samarƙand, inda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, wato 870, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a mota daga gari, saboda haka a ranakun Samarƙand zaka saka shi kuma ka faɗa tun farko a tanadi mota. A Bukhara ka tambaye shi hasumiyar Kalon, ta 1127 ce, ta riga zuwan Mongol kuma ta tsira daga rusau ɗinsu.

Ni jagoran da na fi yarda da shi shi ne wanda yake rarrabe min, yace wannan a rubuce yake, wannan kuma labarin mutanen gari ne, kuma in ka tambaye shi abin da ya shige masa yace bari in bincika in gaya maka gobe. Ka gaya masa lokutan salla suna cikin tsarin tafiyar, ya san inda zaku tsaya da inda ake alwala. Tsakanin biranen biyu kuma jirgin ƙasa mai gudu da suke kira Afrosiyob ya fi mota sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai kujerunsa suna ƙarewa da wuri, toh ranar da ka tsayar da ranakun tafiya a ranar ka sa a kama maka tikitin.